Murhun Tayil na Ƙasashen Sanyi: Yadda Ake Hura Shi da Yadda Ake Kula da Shi

A tsofaffin gidajen Jamus da Ostiriya da Suwizalan, har zuwa Suwidin da Polan da Hangari, akan tarar da wani gini tsaye a kusurwar falo, tsawonsa ya kai na mutum ko ya fi, an lulluɓe shi da tayil mai ƙyalli, fari ko kore ko ruwan ƙasa, da 'yar ƙofar ƙarfe daga ƙasa. Baƙo sai ya ɗauka kayan ado ne. Murhu ne na ɗumama ɗaki, a ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa wata da watanni. Jamusawa na ce masa Kachelofen, mutanen Suwidin kuma kakelugn. Akan hura masa wuta ta ci sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi ta mutu, shi kuwa ya ci gaba da fitar da ɗumi har sa'a 12, babba ma yakan kai 24. Ɗalibanmu da masu zaman aiki a can sukan kama haya a gidan da ke da irinsa, kuma hannun da ya saba da murhun girki shi ne ya fi saurin yin kuskure da shi.

Dalilin daɗewar ɗuminsa yana cikin yadda aka gina shi. Tayil ɗin riga ce kawai. Daga ciki bulo ne na yumɓun da aka gasa musamman don ya jure wuta, kuma nauyin ginin gaba ɗaya yakan kai tan 1 zuwa 2, wani ya wuce haka. Hayaƙin da ya tashi daga ɗakin wutar ba ya samun hanya miƙaƙƙiya zuwa waje. Magini ya shirya masa lunguna a cikin bulon, ya hau sama, ya sauko, ya sake hawa, tafiyar mita da dama, yana tafe yana barin zafinsa a jikin yumɓu. Kafin ya isa bututun da zai fitar da shi ta rufin gida, ya riga ya sauke mafi yawan abin da ya ɗauko. Wanda ya san gadon ƙasa da ake hura wa wuta daga ƙarƙashi, wanda tsofaffi da masu jego ke kwana a kai lokacin ɗari, ya san rabin zancen: ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, in ta ɗauka kuma ba ta saurin saki.

Murhun ya daɗe a tsakiyar Turai. A ganuwar Hohensalzburg da ke birnin Salzburg akwai wani mai zane-zane kala-kala da aka gina a 1501, yana nan har yau. Amma gyaran da ya sa ya zama abin da aka sani yanzu, tsoron ƙarewar itace ne ya kawo shi. A ƙarni na 18 masana'antun ƙarfe na Suwidin suna cin gawayi ba kama hannun yaro, gidaje kuma suna ƙona itace a buɗaɗɗen murhun bango wanda mafi yawan zafinsa sama yake tafiya. A 1767 hukuma ta ɗora wa Carl Johan Cronstedt, masanin zanen gine-gine, da Fabian Wrede, babban hafsan soja, aikin nemo murhun da zai rage ɓarnar. Su ne suka fito da tsarin dogayen hanyoyin hayaƙi masu hawa da sauka, wanda ya bazu a gidajen Suwidin da Finlan. A Jamus kuwa, garin Velten da ke arewa da Berlin ya tara gomman masana'antun tayil da suka riƙa cika benayen babban birnin da murahu a ƙarshen ƙarni na 19. Murhun da aka gina daidai, aka kuma hura daidai, yakan mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin itacen ya zama ɗumin ɗaki.

Wannan “aka hura daidai” shi ne gaba ɗayan maganar. A murhun girki an saba a riƙa tura itace kaɗan-kaɗan, a janye in wuta ta yi yawa, a bar ta tana ci a hankali don itacen ya kai. Murhun tayil ba ya son haka ko kaɗan. Abin da yake so shi ne a zuba masa abincinsa gaba ɗaya lokaci guda, a ba shi iska isasshiya, wuta ta ci da ƙarfi ta gama da wuri, sannan a rufe. Mai rage iska don tattalin itace, a ganina, shi ne mafi ɓarna a cikin masu amfani da shi, kuma shi ne mafi kusa da haɗari.

Ga abin da ke faruwa. Idan itace ya ɗau zafi, kafin ya zama garwashi yakan fara fitar da wata iska mai kamawa da wuta, kuma mafi yawan ƙarfin itacen a cikin wannan iskar yake. Harshen wutar da ido ke gani, ita ce ke ci. Ba ta ƙonewa sosai sai zafin ɗakin wutar ya kai digiri 600 ko fiye, kuma sai da iskar waje mai yawa. In aka toshe mata hanyar iska, itacen ba ya daina fitar da ita, sai dai ta tashi ba ta ƙone ba. Hayaƙi mai kauri ke nan. Ta bi lungunan bulo, ta tarar da su da sanyi, ta manne a jikinsu ta zama baƙar kwalta mai ƙyalli. An yi asarar itace, an dami maƙwabta da hayaƙi, an kuma shafe cikin murhun da abin da wata rana zai kama da wuta.

Saboda haka kula da murhun daga rumbun itace take farawa. Ɗanyen itacen da aka saro yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Kilo ɗaya na busasshe yana ba da zafin da ya kai kimanin kilowat 4 na sa'a guda, ɗanye kuwa da ƙyar ya ba da rabin haka, domin wutar sai ta fara dafa ruwan ta kore shi kafin ta yi wani aiki. Ana son ruwan da ke jikin itacen ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma dokar Jamus ta kafa iyaka kusan daidai da wannan. A can rana ba ta da ƙarfin tamu, don haka bushewa na ɗaukar lokaci: itace mai tauri da nauyi yakan nemi shekara biyu, mai laushi da ƙaro, irin na bishiyoyin nan masu ganye kamar allura, shekara ɗaya takan ishe shi. Sai an faskara shi tukuna, domin gungume mai ɓawo ba ya bushewa da wuri. A jera shi inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa, a rufe samansa daga ruwan sama a bar gefensa a buɗe. Wanda ya naɗe shi ruf da leda, ko ya kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tun yana ɗanye, ruɓa zai yi.

Ana sayar da 'yar na'urar gwada damshi mai ƙusoshi biyu, ba ta da tsada. In za a gwada, a tsaga faskaren a soka ta a sabon tsagin, don bayan itace yakan bushe cikinsa na jiƙe. Ko babu na'ura ana ganewa. Busasshe ba shi da nauyi, bakinsa ya tsattsage, in an buga biyu da juna sai su yi ƙara garau. Ɗanye a cikin wuta yakan yi ta shuu, kumfa na fita ta bakinsa. Yana da kyau a shigo da na gobe ɗaki tun yau ya sha ɗumi.

Itace kaɗai ake sa masa, wanda ba a taɓa shi da komai ba. Katako mai fenti, ɓallen kujera, allon da aka manna da gam, leda, roba, kwalin madara, tsumma, duk haramun ne a dokokin ƙasashen, kuma da hujja: hayaƙinsu guba ne, yana kuma cin bulo da ƙarfe. Kwal ma ba ya shiga murhun da aka gina don itace, wanda ba shi da ragar ƙarfe a ƙasa. Kananzir da fetur kuwa ba a ma kusantar da su.

Yawan itacen da za a zuba ba ra'ayin mai gida ba ne. Maginin murhu, wanda sana'a ce mai zaman kanta da ake koyo shekaru a Ostiriya da Jamus, ya riga ya auna girman ɗakin wuta da tsawon hanyoyin hayaƙi da tsayin bututu a kan wani nauyi na itace. Murhun da aka yi don kilo 10, kilo 10 za a ba shi. In sanyi bai yi tsanani ba ana iya ragewa zuwa rabi, ƙasa da haka kuwa wutar ba ta kai zafin da za ta ci da tsabta. Zarcewa ya fi muni, domin bulo da laka suna buɗewa in sun yi zafi, kuma in abin ya wuce misali sai su tsage. Siririn murhun Suwidin mai siffar ginshiƙi ya fi na Ostiriya rauni ta wannan fuskar: ƙananan faskare ake sa masa, kaɗan-kaɗan, a ƙona na 'yan sa'o'i sannan a bar shi ya huta. Wanda ya shiga gidan haya ya tambayi mai gidan ko mai sharar bututu adadin tun kafin ya ƙyasta ashana.

Wajen hurawa, an gano cewa kunna wutar daga sama ya fi. A fara buɗe duk hanyoyin iska da marfin bututu. A jera manyan faskare a ƙasa, kaurin damtsen hannu, a bar 'yar tazara tsakaninsu. A ɗora ƙirare a kai a gicciye, a sa abin kunnawa a can ƙololuwa. Wutar za ta riƙa ci tana sauka, iskar da itacen ƙasa ke fitarwa kuma dole ta ratsa ta cikin harshen wuta kafin ta wuce, sai ta ƙone maimakon ta zama hayaƙi. Bayan kamar minti 15, wanda ya fita waje ya dubi bakin bututu bai kamata ya ga komai ba sai ɗan tururi. Wuta mai kyau tana da haske, rawaya ce mai motsi. In ta yi ja tana lilo a kasale, iska ta yi mata kaɗan ko itacen ɗanye ne. Bayan an gama, bulon ɗakin wutar yakan fito fari tas, toka kuma ta yi laushi da haske. Baƙin bulo da baƙin gilashin ƙofa shaida ne cewa wani abu bai yi daidai ba.

A nan ne sabon shiga yakan ƙosa. Wuta ta ci rabin sa'a, ya taɓa tayil ya ji sanyi ƙalau, sai ya ƙara itace. Zafin yana hanya. Sai ya ratsa kaurin bulo tukuna, kuma sau da yawa jikin murhun ba ya kai ƙarshen ɗuminsa sai bayan wutar ta mutu da sa'a biyu ko uku. Shi ya sa masu shi ke hura shi da lissafi, safe da yamma a tsakiyar hunturu, ba sai sun ji sanyi ba. Ɗuminsa ma daban yake da na hita mai busa iska. Jikin bango da kujeru da mutane yake ɗumamawa kai tsaye, a hankali, ba ya tayar da ƙura, kuma a yawancin jikinsa ana iya jingina baya. Don haka ake gina masa benci a gefe a ƙauyukan tsaunukan Alps. Ƙofar ƙarfen da gilashinta ne ke ƙuna, su ake tsare yara daga gare su.

Sai lokacin rufewa, wanda shi ne wurin da rai ke shiga cikin maganar. In an bar hanyar iska a buɗe bayan wuta ta mutu, iska mai sanyi za ta yi ta ratsa murhun tana kwashe zafin da aka tara tana fitar da shi ta rufi. Dole a rufe. Amma in an rufe da wuri, masifa iri biyu ce. A murhun zamani mai ƙofar da ke toshewa ruf, idan aka datse iska alhali itace bai gama ci ba, iskar nan mai kamawa sai ta taru ta cika lunguna, da zarar ta samu ɗan numfashi ta tashi gaba ɗaya da ƙara, ta iya tsaga murhun ko ta fasa gilashi. A tsohon murhu mai marfi a saman bututu, rufewa da wuri na hana iskar garwashi fita, sai ta dawo cikin ɗaki. Iskar nan, kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya ma farkawa ya ji su. Ita ce dai ke kashe iyali guda a garuruwanmu idan aka shiga da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu aka toshe ƙofa da taga, ko aka kwana da janareta a cikin gida.

Ƙa'idar ita ce a jira har harshen wuta ya ɗauke gaba ɗaya. A tona garwashin a duba. Muddin ana ganin ɗan shuɗin harshe na rawa a kansa, ba a rufewa, domin wannan shuɗin iskar gubar ce ke ci. Mai murhun zamani zai iya rufe hanyar iska da zarar garwashi zalla ya rage. Mai marfin sama ya ƙara haƙuri har garwashin ya mutu ya lulluɓe da toka. Gara a yi asarar ɗan zafi. Sababbin murahu da yawa yanzu suna da na'urar da ke auna zafin hayaƙi ta rufe iskar da kanta a kan kari. Duk da haka ban ga hujjar da za ta hana gidan da ke ƙona itace rataya ƙararrawar gano wannan iska ba, kuɗinta bai kai na itacen wata guda ba. In ta yi kuka, ko mutanen gida suka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, a buɗe tagogi, a fita waje, a kira 112, lambar agajin gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: injin zuƙe hayaƙin kicin, a gidan da tagoginsa ke rufe ruf, yana iya janyo hayaƙin murhu baya zuwa cikin falo. In za a kunna su tare, a buɗe taga.

Toka ba ta da wahala. Murhun da ba shi da raga a kan tokarsa yake ci, kuma barin kaurin yatsu biyu ko uku na taimaka wa garwashi. Sai ta kusa kai bakin ƙofa ake kwashewa, abin da bai wuce 'yan lokuta a shekara ba. A zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye shi a kan siminti nesa da katako. Rushi na iya ɓoye wuta kwana biyu ko fiye, kuma gidaje da yawa sun ƙone ta hanyar tokar da aka juye a kwandon shara na roba.

Farkon sanyi, bayan murhun ya yi watanni a kwance, ba a fara masa da cikakken kaya. Bulo ya sha damshi, bututu ya yi sanyi, wani lokaci ma tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. A fara da 'yar ƙaramar wuta kwana biyu ko uku ana ƙarawa. In hayaƙi ya ƙi hawa yana dawowa ɗaki, akan buɗe 'yar ƙofar shara da ke gindin bututu a ƙona takardar jarida a ciki, zafinta ya ture iska mai sanyin da ta toshe hanya. Sabon gini ya fi haka neman lallashi, don akwai ruwa mai yawa a cikin lakarsa. Ana busar da shi da ƙananan wuta na mako ɗaya ko biyu yadda maginin ya tsara, in an yi gaggawa kuwa tururi ya tsaga shi tun bai fara aiki ba.

Bututun hayaƙi ba a bar shi ga son ran mai gida ba. A Jamus doka ce mai sharar bututu ya zo, sau ɗaya zuwa uku a shekara gwargwadon yawan amfani, kuma Ostiriya da Suwidin suna da irin wannan tilas. Lungunan cikin murhun su ma suna tara kunkunniya da tokar da iska ta ɗauka. An bar musu ƙananan ramuka masu murfi a jikin tayil, ta nan magini ke share su duk bayan 'yan shekaru. Murhun da ya fara cin itace da yawa ba ya ɗumi kamar da, ko yake wahalar kamawa, yawanci nan ne matsalarsa. Idan kwalta ta kama da wuta a cikin bututu, zafin yakan haura digiri 1,000, a ji ruri, a ga tartsatsi na fita ta rufi. Kada a zuba ruwa. Lita ɗaya ta ruwa takan koma kusan lita 1,700 na tururi nan take, ta fasa bututun. A rufe hanyoyin iska, a janye kaya daga jikin bangon, a kira 'yan kwana-kwana.

Tayil ɗin kansa tsumma mai ɗan damshi ya ishe shi, kuma sai murhun ya huce, domin ruwan sanyi a kan tayil mai zafi na tsaga ƙyallinsa. Ba a goga shi da soson ƙarfe ko ruwan wanki mai kaifi. Gilashin ƙofa kuwa, jarida mai laima da aka dangwala a farar toka tana fitar da shi. Siraran layukan da ke bayyana a fuskar tsohon tayil kamar gashi ba komai ba ne, shekaru ne. Tsagin da ake tsoro shi ne wanda ya buɗe a mahaɗar tayil biyu, musamman in baƙi ya zagaye shi ko ana jin warin hayaƙi a ɗaki. Wannan murhun yana yoyo, a daina hura shi sai magini ya gani. Igiyar da ke toshe bakin ƙofa ma tana mutuwa, ana canza ta.

Kada a ce za a toshe tsagi da siminti. Tsofaffin murahun da lakar yumɓu da yashi aka haɗa su, saboda laka tana buɗewa tana tsukewa tare da bulo, siminti kuwa ya ƙi motsi har ya fasa tayil ɗin da ke gefensa. Lakar tana da wani amfanin: in an jiƙa ta sai ta saki. Bayan shekaru gommai, idan cikin murhun ya gaji, magini yakan sa wa kowane tayil lamba, ya warware ginin daga sama zuwa ƙasa, ya zuba sabon bulo a ciki, ya mayar da tayil ɗin kowane a gurbinsa. Ta haka ne murahun da masana'antar Rörstrand ta Suwidin ta yi a ƙarni na 19 suke canza gida, ana saye ana sayarwa a cikin akwatuna, ana sake tayar da su a wani falon.